Bindigogin Fenti a Kabad Ɗina

Maigidana ya daɗe yana yi mini tsiya a kan kwanukan da ke cikin kabad ɗina. Kayan ɗakina ne, mahaifiyata ta saya mini, na ɗauko su tun daga Kano har unguwar Tremont da ke Bronx a Amurka, kuma ko ruwa ban taɓa zubawa a cikinsu ba. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa su ya ce ga gidan tarihi, shiga kyauta ne. To wannan bawan Allah ne, wata Asabar na dawo daga cefane, na tarar ya sauke mini kwanukan sama ya jera bindigogin fenti biyu a wurinsu.

Ba a kiransu bindiga a gabansa, sai dai "maka", sunansu na Turanci, wato mai sa alama, don a garin nan Musulmi mai gemu ba ya son a ji kalmar bindiga daga falonsa. Na wani wasa ne da ake yi a fili: ƙatti su rufe fuska su yi ta harbin juna da 'yan ƙwallaye masu fenti a ciki, wanda aka yi wa tabo ya fita. Ɗanmu na fari ne ya fara zuwa da abokan makarantarsa, ya dawo yana ba ƙannensa labari muna cin abinci. Uban bai ɗago kai ba, amma na ga cokalinsa ya tsaya.

Maigidana mutum ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda aka haifi yaron bai taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "wannan". A gida kowa ya san hakan ba ƙiyayya ba ce, amma wanda aka haifa a Bronx ina zai sani? Ya taɓa tambayata da Turancinsa ko wani laifi ya yi wa babansa tun yana ƙarami. Tambayar ta daɗe tana cin raina. Ga shi kuma ƙarshen hutun nan zai tafi jami'a can wata jiha mai nisa. Shi ya sa da na ga maka biyu na haɗiye fushina a kan kwanukan, na ce wataƙila hanyar da uban ya samu ke nan.

Ban yi lissafi da maƙwabcinmu na ƙasa ba, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi, wanda ashe shi ma yana da tasa. Daga ranar da suka gano juna falona ya zama wurin baje koli. Su ɗora wannan a kan sikelin da nake awon fulawa, su ɗora waccan, su yi musu a kan wadda ta fi sauƙin nauyi. Ta maigidana mai batir ce, har da ɗan allo mai haske, kuma wai ba ta shan iska da yawa daga ɗan tulun iskar da ke tura ƙwallon. Ta maƙwabcin bututunta ya fi tsawo, kuma ba ta ƙara.

"Massa, naka yana kuka kamar zabo," in ji maƙwabcin da Hausarsa ta Zango. "Nawa fa shiru, zafi kawai za ka ji."

Babu wanda ya taɓa jin zafin, don babu wadda aka taɓa harba ƙwallo da ita.

Sai gyara. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauraye kofin shayinsa ba, shi ne yake shimfiɗa farin tawul, ya warware maka gunduwa-gunduwa, ya ciro 'yan zobban roba ƙanana, ya shafa musu wani giris na musamman da ɗan yatsa, yana riƙe numfashi. Audugar goge kunnena ta ƙare a cikin bututu. Ran da na ce ko basilin zai yi, kwana ya yi bai yi mini magana ba.

Yaron kan tsaya a bakin ƙofa ya tambayi yaushe za a je fili. Uban sai ya dube ni ya ce in gaya wa wannan sai an canja zobban roba. Wani satin tulun iskar ne yake buƙatar gwaji. Wani satin kuma an yi ruwa, akwai taɓo. Daga baya yaron ya daina tambaya, ya fara haɗa akwatinsa.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarsa na sauko da kwanukan mahaifiyata, na wanke su, na zuba tuwo da miyar kuka na dire wa maigidana. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Baban yara, na buɗe gidan tarihina," na ce. "Saura naka."

Washegari maƙwabcin ya kwashe mu a tasinsa zuwa wani fili a Staten Island. Na zauna bayan raga da fulas ɗin shayi. Uba da ɗa suka faɗa ɓangare ɗaya, maƙwabcin yana ɗayan. Aka hura usur, kowa ya ruga, ban da maigidana. Shi tafiya yake a hankali yana kauce wa taɓo, ya rungume maka a ƙirji, duk ƙwallon da ya nufo ta sai ya juya ya kare ta. Ko sau ɗaya bai harba ba.

Can sai ga maƙwabcin ya lallaɓo ta bayan yaron, wanda ya duƙa a gindin wasu tsofaffin tayoyi. Maigidana ya hango shi. Ya ce "kai", ya sake cewa "kai", amma a filin da kowa ya rufe fuska wa zai waiwaya? Sai na ji ya ɗaga murya ya kira sunan yaron, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Yaron ya miƙe tsaye cak, ya manta da wasan, ya tsaya yana kallon babansa. Maƙwabcin kuwa ya samu yadda yake so, ya yi masa ruwan fenti a gadon baya. Uban ya taso da gudu, santsi ya kwashe shi, maka ta daki dutse, shi ma aka gama da shi a kwance. Ban taɓa ganin gargaɗin da ya jawo asara irin wannan ba, na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Suka fito tare, jikinsu duk taɓo da fenti ruwan ɗorawa. Yaron, wanda sai a shekara bai haɗa jimla da Hausa ba, ya cire abin rufe fuskarsa ya ce, "Baba, ashe ka san sunana."

Uban ya duƙar da kai yana duban ƙarcen da dutse ya yi wa maka, ya ce masa ya riƙe tasa da kyau kada ita ma ta faɗi.

Ran Lahadi yaron ya tafi. Maka biyu suka koma kabad, mai ƙarcen a gaba. Maƙwabcin ya sha cewa ya san inda za a canja murfin ta dawo sabuwa, maigidana ya ce a bar ta haka. Bai sake kiran sunan ba, in yaron ya bugo waya har yau cewa yake in ba shi "wannan" su gaisa. Amma yaron bai ƙara tambayata ko ya yi wa babansa laifi ba.