Ruwan da Muka Niƙa a Shagona

Sana'ata tana ce, wato sassaƙa ƙarfe da inji. Na koye ta a wata masaƙa a Kano, inda na yi shekara tara a ɗakin gyara. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu aka fara rage ma'aikata, ina cikin kashi na biyu da aka sallama. Shugaban sashenmu ya sa baki aka bar mini wani tsohon injin tana da aka jingine a bayan sito, na ɗora shi a tifa na kawo Gwarzo, na kama shago kusa da tasha.

Aiki bai yanke mini ba, domin kayan gyara na waje sun ɓace daga kasuwa. Wanda sandar injin niƙansa ta cinye, da wanda bushin da sandar famfonsa ke juyawa a ciki ya buɗe, duk wurina suke zuwa, daga Kara, daga Unguwar Tudu, har daga ƙauyukan Kabo. A injin tana ƙarfen ne ke juyawa, wuƙa kuma tana ɗaure, kai kana matsar da ita kaɗan-kaɗan tana fere shi. Wahalar aikin duk tana wajen awo. Tazarar da ke tsakanin sanda da ramin da za ta zauna ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa sanda ta riƙa rawa, in ta yi kaɗan ta ɗauki zafi ta kama.

A wannan shagon na san Ticha. Mutumin Filato ne, Kirista, yana koyar da fiziks a sakandaren gwamnati, kuma ya daɗe a garin har 'ya'yansa sun fi shi iya Hausa. Wani ƙarfen gindin babur ya kawo in yi masa zaren ɗaura noti. Yana jira sai ya tsuguna ya ɗebi ɓarɓashin ƙarfen da ke ƙarƙashin dutsen wasa yana murzawa.

"Oga, me kake yi da wannan?"

Na ce sharewa nake yi in zubar.

"In ka yarda a riƙa tara mini. Ba mu da komai a ɗakin gwaji, da baki kawai nake koyar da maganaɗisu."

Na tara masa cikin gwangwanin madara. Daga nan ya zama in an tashi daga makaranta sai ya biyo, ya zauna kan benci, muna hira ina aiki. Shekaru muka yi a haka.

Wata rana, ana saura 'yan watanni a ƙaddamar da Shari'a a jihar, ya zo da wani tsohon littafi da ya aro. Ya nuna mini hoton wani baƙin ruwa a faranti, ya yi tsini-tsini kamar bayan bushiya. Ya ce ruwa ne da ke bin maganaɗisu, kuma yana so mu yi shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na zuba garin ƙarfe cikin man juye na motsa, na kanga mayen ƙarfen da na ciro daga wata matacciyar lasifika. Garin ya taso ya bar man a baya. Da na janye hannu ya kwanta a ƙasan kofi.

Ticha ya ce ba shi ba ne. Ya ce ruwa ko yana zaune a kwano, ƙananan ƙwayoyinsa ba sa daina motsi, suna ta bugun duk abin da ke cikinsa. Idan garin ya yi laushi ƙwarai, wannan bugun ya isa ya hana shi kwanciya, sai shi da ruwan su zama abu ɗaya, in maganaɗisu ya ja garin ruwan ya biyo. Amma dole a samu abin da zai lulluɓe kowace ƙwaya, in ba haka ba sai su manne da juna su yi nauyi.

Na tambaye shi laushi kamar na me. Ya ce garin alkama dutse ne a kansa.

Niƙa dai aikina ne, sai na ce ya bar mini. Na yanko guntun bututu mai faɗi, na fere masa murfi biyu masu zare, na cika rabinsa da ƙwallayen tsofaffin boris. Garin kuma ba na dutsen wasa muka ɗauka ba, don yana da yashi. Na je maƙera na roƙi baƙin ɓawon nan da ke zubowa daga jan ƙarfe idan ana dukansa, na daka, na tankaɗe da ɗankwalin matata. Muka haɗa shi da kananzir da ɗan man gyaɗa da ruwan sabulu kaɗan, na rufe, na ɗora bututun kan sanduna biyu, na ja masa bel daga motar lantarkin da ke juya injina. Duk lokacin da aka kawo wuta yana juyawa, ƙwallayen suna faɗuwa kan garin. Ƙarar ta dami mai shayin da ke maƙwabtaka da ni, har ya zo ya tambaya ko tsakuwa na koma wankewa.

Sati shida muka yi. Sau biyu muna buɗewa mu tarar da taɓo, mu ƙara kananzir mu mayar. A na uku muka juye a kwalba muka bar shi kwana uku. Mafi yawansa ya kwanta, amma na sama bai washe ba, ya tsaya baƙi ƙirin. Ticha ya tsiyaye shi a murfin kwano, bai fi cokali huɗu ba, ya sa maganaɗisu a ƙasa. Ruwan ya taru a tsakiya, ya yi tudu, sannan ya fitar da 'yan ƙusoshi gajeru. Ba su kai na hoton ba, amma ana ganinsu. Ya ce maganaɗisu na jan ruwan sama, nauyinsa da fatar samansa na mayar da shi ƙasa, tsinin nan shi ne inda suka daidaita. Ya daɗe yana yawo da mayen ƙarfen a ƙarƙashin murfin, tudun yana binsa.

Ni ne na kawo maganar amfani. Yayan matata yana noman rani a Garo, tumatir da albasa, kuma injin ban ruwansa na yoyo ta inda sanda ke shiga gidan famfo. Robar da ke toshe wurin ta mutu, an nema har Kano ba a samu irinta ba. Ticha ya taɓa gaya mini cewa a wasu injuna da wannan ruwan ake toshe irin wannan kafa, don yana rufe ta kuma ba ya hana sanda juyawa. Na ce mu gwada. Ya ce toshe iska littafin ya ambata, bai ambaci ruwa ba. Na ce kafa ai kafa ce.

Na fere zobba biyu na ƙarfe, na sa zoben maganaɗisu a tsakaninsu, na bar tazara siririya tsakaninsu da sandar. Muka ɗiga ruwan da allurar sirinji, ya shige tazarar da kansa ya zauna. A shago muka gwada da famfon keke, muka shafa kumfar sabulu, ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Na juya sandar da yatsa biyu, tana tafiya sumul.

Ranar Asabar da hantsi muka hau babur ɗin Ticha zuwa Garo. Yaya ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallo na ɗaura zobban. Aka ja igiya inji ya tashi, ruwa ya cika kwalbati, gindin famfo a bushe. Yaya ya ce, "Ikon Allah." Ya tafi buɗe kunyoyi.

Ba a yi awa ɗaya ba na ga ɗigo, baƙi-baƙi. Can ya zama tsiyaya. Kafin azahar ruwa na feshi fiye da yadda yake yi a da, kuma na fara jin wata ƙara da ban so ba. Na kashe injin na kwance. Ruwan rafi ya wanke namu tas, maganaɗisun kuma ya tattaro duk wani baƙin yashi da tsatsa da ke cikin ruwan ya riƙe su a jikin sandar, sun ci ta sun yi mata zobe mai zurfi.

Yaya ya zo ya duba. Bai ɗaga murya ba.

"Yanzu tumatirin nan da ke fure, wa zai ba shi ruwa?"

Na ce, "Yaya, laifina ne. A ba ni kwana biyu."

"Da ka ce mini gwaji za ku yi, da na ba ku injin maƙwabcina da ya lalace tun bara."

Ticha ya cire hularsa ya ce shi ya kawo maganar tun farko. Yaya ya ce masa, "A'a Ticha, kai baƙo ne a gonar nan. Wannan da ya auri ƙanwata shi zan riƙe."

Kwana biyun nan da guga suka yi ban ruwa, shi da matansa da 'ya'yansa, Ticha ma ya koma ranar Lahadi bayan coci ya taya su. Ni kuma na samo guntun akasil ɗin mota na fere sabuwar sanda. Na yi mata toshi irin na da, igiyar auduga da aka dafa cikin kitse, a naɗa a matse da noti. Yana ɗan ɗigo, kuma haka ake so, don ɗigon ne ke sanyaya shi. Wani ɓangare na tumatirin ya zubar da fure. Matata ta yi sati ba ta yi mini doguwar magana ba.

Ragowar ruwan, kamar cokali biyu, Ticha ya kai makaranta ya nuna wa ɗalibai. Lokacin an riga an ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da maganganu, wasu daga cikin mutanen su Ticha sun kwashe iyali sun tafi gida. Matarsa ma ta tafi da yara. Ana cikin haka wani uba ya kai ƙara wurin limamin unguwarmu, wai malamin nan yana nuna wa yara tsafi, wani baƙin abu mai ƙaho da ke motsi ba a taɓa shi ba, kuma wai a shagona aka haɗa.

Liman dattijo ne mai sanyin hali. Bai aiko a kira ni ba, da kansa ya zo bayan la'asar tare da mai ƙarar. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce a nuna masa abin. Na aika aka gaya wa Ticha, ya zo da kwalbar, fuskarsa ba walwala.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da ke ciki." Na ajiye ɓawon maƙera, da kananzir, da man gyaɗa, da sabulu, na buɗe bututun ya ga ƙwallayen. Na miƙa masa maganaɗisun na ce ya riƙe da hannunsa. Ya sa a ƙarƙashin murfin, tsinin ya taso. Ya janye, ya kwanta. Ya maimaita sau uku. Ya ɗauki dutse ya kanga, ba abin da ya motsa. Ya ciro allurar da ke maƙale a hularsa ya kusantar, ta manne.

"Wannan ai mayen ƙarfe ne," in ji shi. "Da shi tela ke tsince allurarsa." Ya juya wurin mai ƙarar. "Ka riƙe ka gani."

Mutumin ya ƙi da farko, sannan ya karɓa. Liman ya tambayi Ticha me ya sa garin ba ya kwanciya, Ticha ya yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe. Da Liman zai tashi ya ce wa Ticha, "Malam, ka ci gaba da koyar da yaranmu. In wani ya sake magana ka turo shi wurina." A bakin ƙofa ya tambaye ni ko ina gyara keken ɗinki, na ce a kawo.

Bayan wata huɗu matar Ticha ta dawo da yaran. Ticha ya ƙara shekara biyar a Gwarzo kafin ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, inda yake noman dankalin Turawa. Ranar tafiyarsa ni na ɗaure masa kaya a mota, matata ta aiko musu da ƙuli-ƙuli da yaji a roba. Mun yi waya da shi da azumin bana, ya ce gwiwa na damunsa, babbar 'yarsa kuma ta samu aikin jinya a Jos.