Tagar da Zinariya ta buɗe a hijabinta

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli a kasuwar Cadawa ya san Inna Zinariya, ƙanwar mahaifiyata. Shekara talatin da huɗu tana gaban kasko, kuma ban taɓa jin ta ce wash ba. Taurin kai kuwa, jaki ma ya sallama mata.

Bazarar bara ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Likita ya ce hawan jini ne da zafi. Ɗanta Lurwanu, wanda ke aikin buro, wato ofis, a Maraɗi, ya rantse in ta sake faɗuwa zai kwashe kaskon ta zauna gida. Ita kuwa zama babu sana'a kabari ne a wurinta.

Sai ta ji labarin wani abu da ake saƙalawa a wuya, mai batir, da ke sanyaya jiki. Ta sayar da akuya ta sa aka sawo mata daga Katsina. Ranar farko ta sa shi, ta rufa hijabi a kai. Kafin hantsi abin ya ɗau zafi, gumi na zuba, ta fizge shi ta jefa cikin kwarya. 'Yan rumfa suka yi ta dariya, ni ma na dara, Allah ya yafe mini.

Da yamma ta zauna tana jujjuya shi. Gefen da ke taɓa fata sanyi ƙalau, bayan kuma zafi yake fitarwa.

"Ashe murhu ne," in ji ta. "Wa ka toshe ma murhu baki shi yi mai aiki?"

Ta ɗauko almakashi ta yanke ƙeyar hijabin, wanda Lurwanu ya kawo mata tsarabar Makka, ta ɗinke wurin da ƙyallen gidan sauro. Mata suka yi ta tsegumi wai tsohuwa ta buɗe taga a wuya. Ta ce wadda ta ga ƙeyarta ta zo ta faɗi launinta.

Labarin ya kai Maraɗi. Ran kasuwa sai ga Lurwanu da amalanke, bai ma jira faɗuwa ta biyu ba. Ya tarar da ita tana juya ƙuli a mai, abin yana 'yar ƙara a wuyanta.

"Inna, don Allah ki bari haka nan. Tsoro nike ji."

"Ni ma ina ji, Lurwanu. Amma wanga kasko shi ya kai ka lakol har ka yi karatu. In ka iya, ɗauke shi da zafinai."

Ya daɗe tsaye yana kallon hijabin da ta yanke, idonsa ya kawo ruwa. Amalanken ya koma wayam.

Mako na zagayowa ɗan kabu-kabu ya miƙa mata ƙunshi daga Maraɗi. Batir ne na biyu, da hijabai uku sababbi, kowanne an buɗe masa taga a ƙeya.