Ranar da Inuwa Mai Suma Ya Hana Ɗansa Fita

A Gubuchi har yau ana kiransa Inuwa Mai Suma, ko da yake kan nasa ya daɗe da zama fili, sai ɗan farin gashi a bayan kunne kamar ragowar auduga a gonar da aka gama tsinka. Manomin rake ne. Idan kaka ta yi yakan kafa injin matsa a bakin fadama, ya dafa ruwan rake har ya yi kauri, ya zuba a ƙananan kwanuka ya daskare ya zama mazarƙwaila, a kai kasuwar Makarfi.

Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi. A ƙarshen shekarun saba'in ya tafi Kaduna aikin masaƙa, ya dawo hutun salla da suma tim a ka, mataji soke a cikinta, ƙafar wando tana sharar ƙasa, rikoda a kafaɗa. Shi da abokansa ba sa sa hula. In sun zo wucewa ta ƙofar dagaci ba sa cire takalmi, ba sa durƙusawa, sai su ɗaga hannu daga tsaye su wuce. Mahaifinsa ya kira wanzami har gida, ya ce ko a aske, ko ya daina zuwa Kaduna. Inuwa ya sulale. Ya tsallake danga ta baya, ya bi motar rake. A wajen samarin wancan lokaci haka tsarin yake: uba ya hana, ɗa ya tafi, shekara ta zagayo a shirya, ba wanda zai sake ta da zancen.

Daga baya masaƙa ta rufe, tsohon ya rasu, gona ta dawo hannunsa. Ya auri Asibi. Sumar ta tafi da kanta, ba wanzamin da ya taɓa ta.

Autansu na maza, Zakiyyu, ya yi karatu a Zariya, bai sami aiki ba, ya dawo gida yana noma yana ɗan kabu-kabu da babur. Mutum ne mai hula da gajeren aski, ba a rasa shi a sahun farko. A daminar da aka yi ta kiran zanga-zangar tsadar rayuwa, shi ya haɗa samarin Gubuchi da wasu daga Kudan ta waya, suka sa ranar da za su shiga Zariya. Sun san abin da suke so: taki ya sauko, man da injin matsa ke sha ya sauko, hatsi ya dawo inda talaka zai iya aunawa.

Inuwa yakan hango su a gindin mangwaro, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ba kiɗa, ba dariya. Ya ce wa Lawal mai shayi, wanda tare suka tara suma a da, waɗannan yara ko tawaye za su yi sai sun goge kaftani. Lawal ya ce aƙalla yaran in an tambaye su suna da amsa, shi da Inuwa kuwa a zamaninsu me suka nema, ban da kada su yi kama da iyayensu?

Asibi ta ji ana cewa za a zuba jami'an tsaro a hanya. Ta daina cin abinci sosai. Ta ce wa mijinta shi kaɗai yaron yake jin maganarsa, in wani abu ya same shi ba za ta yafe ba.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Zakiyyu ya zo zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya zo neman izini da albarka.

"Izinin me? Zanga-zangar ma sai an sa maka hannu?"

"Kai ne mahaifina, Baba."

Asibi tana tsaye a bayan labule, ana ganin yatsun ƙafarta. Inuwa ya dubi yatsun, ya dubi ɗansa.

"Ban yarda ba. Kada ka je."

Zakiyyu ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce to, ya tashi.

Inuwa ya ɗauka ya sallami kowa. Uwa ta ji abin da take so ta ji, yaro kuma zai yi abin da yara ke yi. Kafin magariba ya je wajen 'yan bumburutu ya sayo mai a galan, ya cika tankin babur, ya turo shi zaure ya juya kan babur ɗin ya kalli ƙofa, ya bar makulli a jiki.

Da safe motar samarin ta tsaya a bakin titi, ta yi ta hon, ta gaji ta tafi. Babur yana nan inda aka bar shi, makulli na jikinsa. Inuwa ya bi hanyar fadama. Ya tarar da Zakiyyu a tsakiyar rake yana cire ciyawa, ganye ya yayyanka masa dantse, waya tana ta kuka a aljihunsa bai ɗauka ba.

"Me kake yi a nan?"

"Ka ce kada in je."

"Na ce. To, sai me?"

Zakiyyu ya ɗago ya dube shi, bai gane tambayar ba. Inuwa ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga babu yadda uba zai gaya wa ɗansa cewa ya so a saɓa masa. Sai ya ɗauki ɗaya fartanyar ya shiga kunyar da ke kusa.

Samarin sun dawo da yamma, idanunsu jawur da hayaƙi mai sa hawaye, ɗaya da ɗingishi, biyu kuma sai da aka je belinsu. Ba wanda ya zagi Zakiyyu. Sun dai daina kiransa, kuma idan ya doso gindin mangwaro sai hira ta koma ta ƙwallo. Asibi ta yi sadakar ƙosai a ƙofar masallaci.

Bayan salla an sake yin wani taro a Makarfi kan rabon taki. Inuwa ya samu ɗansa yana wanke babur, ya ce masa wannan karon yana iya zuwa, ya ba shi izini tun kafin ya nema. Zakiyyu ya yi godiya, ya ce ba a gayyace shi ba, ya ci gaba da wanki.