Kujerar Binta

Har gobe ban manta da ranar da na huda cikin motar hukuma saboda 'yar wata tara ba. A daminar shekarar da aka sami mulkin kai ne, ina ƙaramin direba a asibitin sha-ka-tafi na Rano. Aikina shi ne in ɗauki ma'aikatan lafiya a jif mu zaga ƙauyuka: Litinin Rurum, Laraba Madachi, Alhamis Kibiya da Kahu.

Mutum biyu nake ɗauka. Akwai Malam Garba, babban malamin asibiti, wanda shi ne shugabana, sai Malama Hauwa ungozoma. Ita kuwa tana shayar da 'yarta Binta, ba ta da inda za ta bar ta. Da goyonta take shiga mota. In na taka burki ta yi gaba, sai ta dawo ta danne yarinyar da jikin kujera. In ta sauke ta a cinya, kowane rami sai kan yarinyar ya nufi ƙarfen gaba. Abin ya tsaya mini a rai, tuƙi nake amma hankalina na kan Binta.

Na je wa wani kafinta a bakin kasuwa, ya haɗa mini 'yar kujera mai zurfi da dogon majingini. Aka cusa mata auduga, aka rufe da fata. Sai na nemi izinin huda ƙasan motar in ɗaure ta da noti, domin a ƙa'ida direba ba ya taɓa jikin mota sai shugabansa ya sa hannu.

Malam Garba ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai Sale, duk garin nan wa aka raina a akwati? Ba goyo ne ya girmar da mu ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu da ƙafa suka goya mu, ba a jif ba."

Ya ce to, amma a sa ta a gaba, tana kallon hanya kamar kowa. Nan fa na ƙi. Na samo kabewa mai nauyin jariri, na ɗora a kujerar tana fuskantar gaba, na ja mota a filin asibiti na taka burki. Kabewa ta yi tsalle ta fashe. Na juya kujerar ta ba hanya baya, na ɗora wata. Na taka burki, sai ta ƙara lafewa a majingini. Nan take Malam Garba ya sa hannu.

A baya na kafa ta, a tsakiya, nesa da ƙofa, noti huɗu. Na kwantar da ita kaɗan don kada kan yarinya ya riƙa faɗowa ƙirji. Maɗauri kuwa majanyin Malama Hauwa ne guda biyu, ta kafaɗu su gicciya a ƙirji, a ɗaure yadda yatsa ɗaya ne kawai zai shige. Da farko uwar ta yi ta ɓata rai, wai na raba ta da 'yarta.

Sati uku bayan nan, ranar Alhamis, muna gangarawa Kahu bayan an tafka ruwan sama. Ashe ruwa ya cinye hanya a bayan wata kwana. Na danne burki iya ƙarfina, ƙafar gaba ta zurma cikin zaizaya. Malam Garba ya gwara goshi da gilashi. Malama Hauwa ta kife a ƙasan mota, kwalaben magani suka tarwatse.

"Binta! Wayyo 'yata!"

Wallahi da farko na kasa juyawa. Da na daure na waiwaya, sai ga Binta a kujerarta, ko ƙwarzane babu, tana tsotsar yatsan ƙafarta. Uwar ta fashe da kuka, ni ma ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na ranar ba.

Manoman Kahu ne suka ciro mu da igiya. Kafin mu tashi, Malam Garba, da ƙulun goshinsa kamar ƙwan zabo, ya zagaya baya da kansa. Ya cusa yatsa a majanyin, ya ce, "Hauwa, wannan ya yi sako-sako, ƙara ja."

Ku matasan direbobi, abin da na koya ke nan: tun kafin a murza makulli ake fara tuƙi. Ku fara duba wanda ba ya iya riƙe kansa, kuma in babba ya musa, kada ku yi gardama, ku nuna masa ya gani.