Dokin Ƙofar Gidanmu

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Lawali, Allah Ya jiƙan sa. Har yau idan na zo Ƙaura daga Shinkafi inda nake aure, sai na tsaya a bakin zaurenmu na kalli ƙasa kafin in shiga. Masu wucewa su ɗauka takalmi nake gyarawa. Ni kuwa gurbin dokin ƙofa nake kallo, tudun nan da ake ginawa a bakin ƙofa don tare ruwa.

Cutar shan inna ta cinye ƙafafun Yaya tun yana ƙarami, amma ba ta taɓa kansa ba. Gaban Babanmu ya yi karatun littattafai, ya haɗa da boko, ga rubutu kamar an buga da inji. Mutum ne mai son fararen kaya, mai tsabta har ta yi yawa, ga ba'a. Yana da keken guragu mai ƙafa uku da yake tuƙawa da hannu, ya zaga kasuwar hatsi ya dangana da tashar jirgi. Amma da ya iso ƙofar gida sai sarauta ta ƙare. Dokin ƙofarmu ya fi taƙi tsawo. Dole ya sauko, ya sa silifa a hannu, ya ja jiki ya haura, sannan ya jira wanda zai ɗaga masa keken. Yakan yi dariya ya ce, "Kowa ƙetare dokin ga shi kai, ni ɗai ka hawa nai."

Ya sha roƙon Baba a fasa shi. Baba ya ƙi, kuma ba don rashin so ba. Littattafansa na cikin zauren, ruwan titi kuwa da damina ƙofarmu yake nufa, kuma kakanmu ne ya gina dokin da hannunsa. Kullum amsar ita ce gida cike yake da 'yan'uwa, wa zai ƙi ɗaga keke? Abin da Baba bai gane ba, ɗagawar ce ke cin Yaya.

Da aka ba mu jihar Zamfara, ayyuka suka buɗe, ya samu aikin rubutu a wata kotu. Tsohon gini ne daidai da ƙasa, keke na shiga har gaban tebur. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki kamar shekarun nan ba. Da aka ƙaddamar da shari'a kuwa har Gusau ya je da kekensa a bayan mota, ya dawo murya ta dishe don kabbara. Ya ce mana yanzu mai rauni zai samu haƙƙinsa.

Sai aka gina sabuwar kotu, aka ɗaga ta sama don kwarjini, da matakala dogaye. Babu wanda ya yi mugun nufi, kawai dai ba a tuna da shi ba. Ya ƙi yarda a riƙa cicciɓar sa kamar buhun gero. Kowace safiya sai ya bar keken a ƙasa ya rarrafa, masu ƙara na zaune suna kallo, farar rigarsa na sharar ƙasa. Ya jure wannan duka, har ranar da wani dattijo da ya zo shari'ar gona daga wajen Zurmi ya gan shi yana hawa, ya ajiye masa sadaka a kan matakala. Jim kaɗan dattijon ya shiga ya tarar da shi bisa kujera yana rubuta ƙararsa. Yaya ya ba ni labarin yana dariya, amma idonsa ya kaɗa. Bai cika wata ba ya bar aikin.

Daga nan fita ta ragu. In ka ce a ɗaga masa keke ya ce a bari, ba ya da inda za shi. Keken ya yi ta tsatsa a zaure, shi kuma yana ramewa a ɗaki. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, haka aka ce, kuma kwana ne ya ƙare. Amma ni na san ya daɗe da gajiya.

Nakan tambayi kaina, da zai dawo yau me zai ce? Zai ga an fara yin gangara a bakin wasu asibitoci da ofisoshi, ya yi murna. Sannan ya gwada wata ya tarar ta miƙe tsaye kamar tsani, ko an jera babura a kanta, ya yi musu ba'ar da za su kwana suna tunawa. Zai ga kuma irinsa sun ƙaru. Rashin tsaron da ya addabe mu ya raba mutane da yawa da ƙafafunsu a ƙauyukanmu, manoma ne da jiya suke tafiya da kansu. Masallatanmu sabbi kuwa har yanzu hawa ake yi. Wallahi abin na ƙona mini rai.

Bayan rasuwarsa da wasu shekaru, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Aka kai keken Yaya wurin mai walda aka gyara, don a riƙa tura shi zuwa masallaci. Ranar farko aka iso dokin ƙofa, maza biyu suka sunkuya za su ɗaga shi. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, da harshen da ya yi nauyi ya ce, "Ku kira magini."

Kafin azahar an gama. Maginin ya fasa dokin, ya shafe wurin da siminti, ya haƙa 'yar magudanar ruwa a gaban ƙofa ya rufe ta da ƙarfe. Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bai taɓa littattafan ba. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na tarar da Baba a zaure yana kallon ruwan na bin magudana, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ambaci sunan Lawali.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: ba gida, ba 'ya'ya, sai ƙofa guda a Ƙaura da keke ke shiga ba a ɗaga shi ba. Maƙwabta uku sun kwaikaya. Idan kuna da mai rauni a gida, ku duba bakin ƙofarku tun yana da rai. Mu aikin rabin yini ne, Yaya ya jira shi har ya koma ga Allah.