Buraima da Ɓeran Dutse

Buraima mutumin Damagaram ne. Ya daɗe a Riyad yana aikin feshin ƙwari da kashe ɓeraye a shagunan unguwar Al-Oud. Shi ya tarbi Salissou, ɗan unguwarsu, ranar da ya sauka, ya ba shi katifa a ɗakinsa.

Ba a jima ba Salissou ya samu tuƙin wani Dakta na jami'a, mai binciken ɓerayen da ke zaune a duwatsun Tuwaiƙ, yamma da gari. Tun daga nan hirar ɗakin ta sauya.

"Yaya Buraima, wannan ba irin naka ba ne," in ji Salissou, yana nuna masa hoto a waya. "Gashin bayansa kamar ƙaya. A tsagar dutse yake zama, laimar ganye ta ishe shi ruwa. Dakta ya ce danginsa daban da na ɓeran gida."

"Ɓera ɓera ne," Buraima ya ce, ya juya masa baya.

Amma abin yana cin sa. Shi da ke rarrafe a ƙarƙashin buhunan shinkafa, warin magani ya kama masa jiki, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai game da ɓera. Salissou kuwa, da ko tarko bai iya ɗanawa ba, yana dawowa da dabino da labarin iskar kan dutse. Buraima ya daina jiransa cin abinci. In an yabi Salissou a masallaci, sai ya ce, "Direba ne fa kawai."

Wata Asabar Salissou ya roƙi Dakta, aka tafi da Buraima. A saman dutse ya tsaya gefe yana kallo: Dakta ya fito da ɓeran daga tarko a hankali, ya auna kunnensa da wutsiyarsa, ya ba shi gyaɗa, ya sake shi. Ɓeran ya ɗan tsaya, sannan ya shige tsagarsa.

"Ya ka gani, Yaya?" Salissou ya tambaya.

Buraima ya daɗe yana duban kwarin da ke ƙasa.

"Gida kyauta, ba kafili mai riƙe da bizarsa, ba mai tambayarsa iƙama, takardar zama," ya ce. "Har gyaɗa."

Salissou ya yi dariya. Buraima bai yi ba.

Yana nan a Al-Oud yana feshinsa. Sun koma cin abinci tare, bisa sharaɗin ba a maganar dutse.