Zanin Teburin Yaya Maigadi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayanmu wanda duk muka sani da Maigadi, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Labarin ya same ni a ofis, abin sauraro na kunnena. Manhajar da ke karanta mini saƙonni ce ta faɗa mini, da muryar nan tata da ba ta san daɗi ba, ba ta san ɗaci ba, muryar da take sanar da ni lokacin taro da ita. Na sa ta maimaita. Ta maimaita, ba ta canza ko harafi ba.

Yaya, na san yadda ake rubuta ta'aziyya, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Na gwada, abin ya ƙi. Duk inda na tuna ka sai in ji kamar in miƙe tsaye in ɗaga murya, domin haka ka sabar mana. Bayan haka ina ɗauke da albishir wanda kai ya kamata ka fara ji, ga shi ba ka nan. To jama'a su yi mini haƙuri, a nan zan faɗa maka.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mu masu rubuta manhajar kwamfuta ne. Duk wanda ya rubuta manhaja sai ya gwada ta kafin ya miƙa, kamar yadda tela ke gwada riga a jikin mai ita. Akwai wani kayan aiki da muke yin wannan gwaji da shi, wanda ba mallakar kowane kamfani ba ne. Rubutunsa a buɗe yake a intanet, kowa na iya ɗauka kyauta, kowa na iya gyara shi ya aiko da gyaran. Sai dai gyara ba ya shiga sai wani ya duba ya amince. Shekara da shekaru kai ne mai dubawar, bayan ka taso daga naka aikin a gajiye, kuma ba wanda ya taɓa ɗora maka. Da aka fara kiranka shugaba ka ce a'a, kai maigadi ne, aikinka buɗe ƙofa. Sunan ya bi ka har ya danne na yanka.

Ni kuwa ta hanyar faɗa na shigo. Idanuna sun fara mutuwa a hankali, likita ya gaya mini gaskiya cewa ba dawowa za su yi ba. Na koma aiki da manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar kwamfuta, wadda na raɗa wa suna Aku saboda surutunta. Rubutu ina yi da ita, karatu ina yi da ita. Amma da na zo gwaji sai komai ya tsaya cik, domin kayan aikinmu da launi yake magana: kore in aiki ya yi kyau, ja in ya lalace, duka a cikin akwatunan zane. Aku ba ta san launi ba. Sai ta kama "ɗigo, ɗigo, ɗigo, layi, layi, layi" har kaina ya yi ciwo, ban san ko na ci ko na faɗi ba. Shugaban sashenmu mutumin kirki ne, amma shi ma akwai na samansa. Ya kira ni ya ce in dai ba zan iya gwada aikina da kaina ba, to bayan bitar ma'aikata mai zuwa za a mayar da ni teburin amsa waya. Wato sana'ar da na ƙare ƙuruciyata a kanta ce za ta bi idanuna.

Ranar na rubuta ƙorafi a dandalin intanet inda masu kula da kayan aikin ke tattaunawa, da zafina. Na ce wanda ya ƙera wannan abu yana zaton duk ɗan Adam da lafiyayyun idanu aka haife shi kuma da su zai mutu. Na ce a cire kalmar "na kowa" daga bayanin kayan, tunda ba nawa ba ne. Har gobe ban janye ko kalma ɗaya ba.

Amsoshin da suka fara zuwa, in na tuna su sai in yi dariya. Wani bawan Allah, da kyakkyawar niyyarsa, ya ƙara wa jan launin haske, ya ƙara wa haruffan girma, ya aiko yana murna ya magance matsalar makafi. Wani kuma ya sa Aku ta karanta komai da komai, duk gwajin da ya wuce lafiya ɗaya bayan ɗaya, sai can ƙarshe ta ambaci wanda ya faɗi. Na gwada nasa, har shayina ya huce ba ta iso wurin ba. Duk ƙwararru ne, ba wanda bai fi ni iya aikin ba. Abin da ya hana su gani shi ne suna gani.

Sai ga kiranka. Na shirya wa faɗa, sai na ji mutum yana dariya tun kafin sallama.

"Sarkin Ƙorafi! Ina ka shige duk shekarun nan? Wallahi tun da na fara gadin nan ba a taɓa zagina da amfani irin na yau ba. Ka koya mini yadda ake kunna Akun nan taka."

Ka kunna ta, ka kashe fuskar kwamfutarka don ka ji abin da nake ji. Amma kai da kanka ka tona wa kanka asiri, ka ce da abu ya rikice sai yatsanka ya je ya kunna fuskar ka leƙa. Da ka ga ba za ka iya riƙe amanar kanka ba, sai ka tafi teburin cin abinci ka yaye zanin da mai ɗakinka Hajiya ta shimfiɗa, ka lulluɓe kwamfutar da shi ruf. Daga ranar abin ya zama doka. Kowace Alhamis bayan la'asar ka lulluɓe, ka kira ni, mu yi aiki da kunne mu biyu.

Kai, Alhamis ɗin nan! Ban taɓa ganin mutumin da kuskure ke faranta wa rai irinka ba. Rannan a ƙarƙashin zanin ka danna inda bai kamata ba ka goge aikin da ka daɗe kana yi. Ina jiran salati, sai na ji ka buga tebur.

"Ƙanena, na goge shi tas! Ko gargaɗi ba ta yi mini ba! Ashe haka kuke fama? Rubuta, rubuta, mun sami wata matsalar!"

Kamar wanda aka yi wa haihuwa. Da haka muka gano abin da ya gagari kowa, ashe ba wani abu mai wuya ba ne: Aku ta fara faɗin mummunan labari, gwaji nawa ne ya faɗi, a ina, me ya sa, sannan ta yi shiru ta bar mutum ya yi aikinsa.

Inda muka saɓa shi ne wajen rubutawa. Na ce maka, "Yaya, kai ka rubuta mana, ai rabin yini ya ishe ka." Ka ce, "In na rubuta, abin da mai ido ke zaton makaho na so zan rubuta. Kai za ka rubuta, ni in yi gadi." Na ji haushi ƙwarai, don bitar ma'aikata na matsowa kuma kana da maganin a hannu. Na rubuta, ka dawo mini da shi. Na gyara, ka sake dawowa da shi. Kullum ka fara da yabon abin da ya yi kyau har kaina ya kumbura, sannan ka ce "sai dai", to daga nan na san yinin ya tafi. Mai ɗakina ta gaji da jin mitata, ta ce, "Kai da wannan Yaya naka, kullum kana cewa ka daina kula shi, Alhamis na yi ka fi kowa saurin alwala." Gaskiya ta faɗa.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Ƙananan gyare-gyaren da za ka iya yi kana shan ruwa, da gangan kake barinsu ga sababbin shiga, ka maƙala musu alamar cewa ga na baƙi nan. In baƙo ya aiko da gyaransa na farko, ko harafi ɗaya ya daidaita, sai ka cika dandalin da shewa kamar ya gina gada. Kuma ba ka yarda mabuɗin ƙofar ya zauna a hannunka kai kaɗai ba. Ka nace sai da Malama, wata malamar lissafi da ta daɗe tana aiko da gyara, ta karɓi ikon shigar da aiki kamar naka. Ta ce ba ta kai ba, ka ce maigadi ma yakan yi zazzaɓi.

A Alhamis ɗinmu ta ƙarshe saura yanki ɗaya, wanda zai haɗe duk aikin. Ka ce, "Aiko shi. Alhamis mai zuwa zan lulluɓe in saurara. In ya yi, na buɗe maka ƙofa." Na aika. Laraba ta riga Alhamis zuwa.

Ban ɓoye ba, bayan kukan rashinka na yi kukan kaina. Dandalin ya yi tsit, ba mai ƙarfin zuciyar taɓa komai, ga bita ta kusa. Na ce shi ke nan, teburin waya ya kira ni.

Alhamis ɗin da ta zagayo muka yi doguwar tafiyar mota zuwa gidanka, mai ɗakina na riƙe da hannuna. Ban taɓa shiga gidan ba, ban taɓa riƙe hannunka ba, duk zumuncinmu ta waya ne. Da na yi gaisuwa na faɗi ko ni wane ne, sai Hajiya ta ce, "Au, kai ne Sarkin Ƙorafi? Kai ne ka raba ni da zanin teburina?" Ta ce farkon abin ta ɗauka ka sami taɓin hankali, mutum zaune gaban na'ura a lulluɓe, wata murya na zuba kamar an kunna famfo, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya. Ta kai mu ɗakin aikinka a bayan gida. Na san shi tun kafin in shiga: fankar nan mai ƙas-ƙas da nake ji a waya, da kujerar da ke kuka in ka jingina. Na lalubi teburin, hannuna ya sauka a kan zanin, mai kauri, da ɗinkin fure a gefe da tabon kofi da ya bushe. Hajiya ta ce tun ranar Talata ka lulluɓe, kana cewa kada ka manta da alkawarin ƙanenka.

Ta ninke shi ta ɗora mini a hannu. Na ce, "Hajiya, ni ai Allah Ya riga Ya lulluɓe mini tawa." Muka yi dariya da hawaye. Ta ce, "To ka ba wanda zai yi gadi bayansa."

Ashe Malama na cikin matan da ke zaune a tsakar gida, ita ma ta zo gaisuwa. Ta shigo ta ce, "Yau Alhamis, kuma an yi la'asar. Ba zan shigar da aikin nan da ido ba, ba haka ya koya mana ba." Ta zauna a kujerarka, ta buɗe kwamfutarta, ta lalata wani wuri a rubutun da gangan don ta gwada aikina, sannan ni da kaina na lulluɓe mata fuskar kwamfutar da zanin. Ta danna. Sai Aku ta ce, "Gwaji ɗaya ya faɗi," ta faɗi wurin, ta faɗi dalilin, ta yi shiru. Na ji yatsun Malama na tafiya a kan madannai. Ta sake dannawa. Aku ta ce, "Duka sun wuce."

Malama ta ce, "Na buɗe ƙofa."

Yaya, na yi ihu! A gidan makoki, ina babba da ni, na daka tsalle har na ture kujera. Mai ɗakina ta kama rigata tana cewa in ji kunya, Hajiya ta ce, "Ƙyale shi, ɗakin nan ya saba."

To ga albishir ɗin. An yi bitar. Na zauna gaban shugaban sashenmu da na samansa, suka ba ni aikin da ya lalace, na gwada, na ji inda ya karye, na gyara, ba wanda ya karanta mini ko layi ɗaya. Ina nan a teburina, a sana'ata. Da abin da na rubuta da hannuna nake aiki, kuma sai yanzu na gane abin da ya sa ka ƙi rubuta mini: in ya lalace gobe, ba sai na jira kowa ba. Wasu makafi da ban san su ba sun fara rubuto godiya daga wurare masu nisa, ɗaya ma har ya aiko da ƙorafi mai zafi. Na ji daɗinsa ƙwarai, na ce masa ya rubuta gyaran da kansa. Zanin yana wurin Malama, kuma an mayar da shi ƙa'ida, babu gyaran da zai shiga sai an saurare shi a lulluɓe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, wadda ta ba mu aron mijinta da zanin teburinta ba ta taɓa gajiya ba, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da Malama da duk wanda ka taɓa buɗe wa ƙofa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya albarkaci abin da ka bari.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Maigadi. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa duk wanda ya ci abinci da wannan aiki ladan ya iske ka. Allah Ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba tare da an dawo da kai gyara ba. Ka zauna cikin duhu da gangan, kana da idanunka lafiya lau, don kada in zauna a ciki ni kaɗai. Allah Ya haskaka kabarinka. Amin.